Littattafan Da Na Ba Ɗan Ƙanwata, Da Wanda Na Hana Shi

Zancen da na kawo muku a wannan wata daga cikin gida ya taso, amma na tabbata ba gidanmu kaɗai ya shafa ba, domin a yau da wuya ka shiga wata unguwa a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ba ka tarar da wani saurayi rungume da kwamfuta yana cewa zai kafa kamfani ba.

Bayan ƙaramar salla ne ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Yaron ya ƙare karatun kwamfuta a Yamai, kuma ba don yana nawa ba, yana da kai. Muna zaune ƙofar gida bayan Magariba ana jiran shayi ya nuna, sai ya ce, "Kawu, so nake ka rubuta mini sunayen littattafan da ya kamata in karanta. Ni da abokaina biyu za mu buɗe kamfani." Na ce na mene ne? Ya ce manhaja za su yi, wadda mutum zai kama wurin zama a motar haya ta cikin salularsa, ba sai ya je tasha ya yi zaman jiran mota ta cika ba. Na ce madalla, to jarin fa? Sai ya sunkuyar da kai, ya ce Inna ta ce za ta sayar da filinta.

Filin nan na san shi sarai. Gadonta ne na wajen mahaifinmu, kuma ba ta da wani bayansa. Sai na ji tambayar yaron ta yi mini nauyi. Da sunayen littattafai kawai yake so, ai cikin minti biyu intanet za ta ba shi guda hamsin. Ni abin da ya dame ni shi ne wanne zai fara buɗewa, saboda ni kaina na karanta littattafan nan, amma na karanta su a birkice, na fara da waɗanda ya kamata in ƙare da su, kuma birkicewar nan ta ci miliyan 4 na sefa waɗanda ba nawa ba.

Bari in ba ku labarin a taƙaice. A shekarar 2015 ina aiki a wani buro, ina gyara musu kwamfutoci, albashina yana zuwa kowane wata ba fashi. Sai wani aboki ya ara mini tarihin Steve Jobs, mutumin da ya kafa kamfanin Apple, wanda Walter Isaacson ya rubuta ya fito a 2011, fassarar Faransanci. Littafi ne mai kauri, amma cikin dare tara na cinye shi. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, mai hangen nesa ba ya tambayar mutane abin da suke so, shi ne yake nuna musu. Na bi shi da Zero to One na Peter Thiel da Blake Masters, na 2014, wanda ke cewa kada ka shiga kasuwar da ake tsere, ka ƙirƙiro abin da babu shi, ka mallake shi kai kaɗai. To, mai karatu, ka haɗa waɗannan biyu a kan saurayi mai shekara talatin da ƴan kai, ka ga abin da zai faru. A farkon 2016 na ajiye aiki.

Dabarata ita ce in yi wa ƴan kasuwa littafin bashi a cikin salula. Wanda ya ɗauki kaya a rubuta, ranar biya ta zo na'ura ta aika masa da saƙon tuni. Na je wurin kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekara arba'in yana fataucin hatsi. Ya saurare ni har na gama, bai fahimci rabin abin da na faɗa ba, ya ce, "Kai ka yi karatu, ka fi ni sani." Ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, babu takarda, babu shaida, sai addu'a.

Kada a ce ban yi bincike ba. Na yi, ko kuma na zaci na yi. Na zagaya kasuwa na tambayi mutum 40. Tambayata ita ce, "Alhaji, in aka yi maka abu kaza a salula, za ka yi aiki da shi?" Amsar kuwa kusan iri ɗaya: "Kai, ai wannan abu ne mai kyau, Allah ya ba da sa'a." Na koma gida na rubuta cewa 40 cikin 40 sun yarda. Na kama buro, na ɗauki yara biyu masu rubuta manhaja, na sayi injin wuta, na sa aka rubuta mini allo mai kyau a bakin ƙofa. Wata 8 muna aiki. Da muka gama, muka bi rumfa-rumfa muka sa wa mutum 300 a salularsu. Bayan wata ɗaya mutum 11 ne ke buɗe ta. Bayan wata uku saura 4, ɗaya daga cikinsu kuwa mijin ƙanwar matata ne.

Littafin da zai hana wannan ɓarna yana nan tun 2013, ni ne ban san da shi ba sai 2018. Sunansa The Mom Test, wato gwajin mahaifiya, na wani mai suna Rob Fitzpatrick. Ɗan siriri ne, ana iya gama shi a zama biyu, kuma Ingilishinsa mai sauƙi ne. Shi ne na farko da na miƙa wa ɗan ƙanwata. Abin da yake koyarwa ba shi da yawa. In ka tambayi mahaifiyarka ko dabararka tana da kyau, za ta ce tana da kyau, domin tana son ka. Ba ƙarya ta yi maka ba, kai ne ka yi muguwar tambaya. Saboda haka kada ka kawo zancen dabararka sam. Ka tambayi mutum yadda yake tafiyar da harkarsa. Ka tambaye shi abin da ya riga ya faru, ba abin da yake jin zai yi nan gaba ba: yaushe rabon da wannan matsala ta same ka, me ka yi a ranar, nawa ta ci maka, ka taɓa neman maganinta? Sa'an nan ka rufe bakinka ka saurara. Yabo kuma, in ji marubucin, ba shaida ba ne. Shaida ita ce mutum ya ba ka abin da yake jin zafin rabuwa da shi, ko lokacinsa, ko kuɗinsa, ko ya haɗa ka da wani wanda yake jin nauyinsa.

Bature ya rubuta wannan don ƙasarsu, inda mahaifiya da ƴan abokai kaɗan ne za su ɓoye maka gaskiya. Amma a wurinmu ciwon ya fi tsanani, domin a nan kasuwar gaba ɗaya mahaifiya ce. Wane dattijo ne zai dubi ɗan gidan wane, wanda ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce masa abin nan naka ba shi da amfani? Kunya ba za ta bari ba. "Allah ya ba da sa'a" addu'a ce, ni kuma na rubuta ta a matsayin ciniki.

Sai bayan komai ya lalace na koma wurin ɗaya daga cikin mutanen nan 40, na zauna ba da niyyar sayar masa da komai ba, na ce ya gaya mini yadda yake bin bashi. Ya yi dariya. Ya ce manyan basusuka suna cikin kansa, ƙanana suna cikin kaye a hannun yaronsa, kuma bai taɓa mance ko dala ba. Ya ce, "Kai yaro, wanda nake bi bashi shi ne mai sayen kayana gobe. In na ji matarsa ta haihu, ko an yi masa rasuwa, sai in ɗaga masa ƙafa, ba sai ya roƙa ba. Na'urarka ta san an yi masa rasuwa?" Ya ƙara da cewa ba ya son jimlar dukiyarsa ta zauna a wuri guda a rubuce, inda masu lanho za su iya gani, ko ma ƴaƴansa. Zancen nan bai fi minti ashirin ba, kuma kyauta ne. Da na nema a 2016 da na samu.

Na biyu da na ba yaron shi ne The Lean Startup na Eric Ries, na 2011, akwai shi da Faransanci. Abin da ya sa na yarda da Ries shi ne ya fara da tona asirin kansa. A 2004 shi da abokansa suka kafa kamfanin IMVU a Amurka, suka yi wata shida suna gina manhajar hira, suka sake ta, ba wanda ya kula. Sai da suka riƙa kawo mutane ɗaya-ɗaya suna kallon yadda suke taɓa ta, sa'an nan suka gane cewa tushen lissafinsu ne ya karkace: sun zaci mutane na son su jawo tsofaffin abokansu ciki, ashe sababbin abokai suke nema. Akasarin aikin wata shidan nan zubar da shi aka yi. Daga nan ya fitar da ka'idarsa, cewa sabon kamfani ba ƙaramin babban kamfani ba ne, gwaji ne, kuma aikinsa na farko shi ne ya gano inda ya yi kuskure da wuri kuma da arha. Ka yi ɗan samfur mafi ƙanƙanta, ka kai wa mutane, ka auna abin da suka yi da shi, ka gyara ko ka sake hanya.

Misalin da ya fi zama mini a rai a littafin shi ne na Zappos. A 1999 wani mai suna Nick Swinmurn ya so ya san ko mutane za su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada a ƙafa ba. Bai kama sito ba, bai sari takalmi ba. Kantunan unguwa ya shiga, ya roƙi izini ya ɗauki hotunan takalmansu ya sa a intanet. In wani ya saya, sai ya koma kantin ya biya cikakken kuɗi ya aika masa. Riba babu, amma ya sami amsar tambayarsa. Shekara goma bayan haka Amazon ta sayi kamfanin a kan kuɗi fiye da dala biliyan 1 na Amurka. Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na yi lissafi. Da kaye guda, da salula guda, da yaro guda a kan babur, da na gwada dabarata a rumfuna biyar har wata ɗaya, jika 50 sun isa. Na sayi da miliyan 4 amsar da ake sayarwa jika 50.

Amma fa na ja kunnen yaron a kan abu ɗaya. Ries yana magana ne a kan kasuwar da masu saye dubbai ne, ba su san ka ba, ba su san juna ba, in ka ɓata wa ɗari yau gobe ka sami wasu ɗari. A Maraɗi ba haka ba ne. In ka karɓi kuɗin mutum abinka ya ƙi aiki, kafin La'asar labari ya kai tasha, kuma da sunan mahaifinka za a ba da shi. Gwajin ya zama ƙarami, kuma a gaya wa mutane tun farko cewa gwaji ne.

Yanzu ga babban abin da littattafan nan ba su faɗa, domin a wurin marubutansu abu ne sananne da ba ya bukatar faɗi. Kuɗin da ake kafa irin waɗannan kamfanoni da su a Kwarin Silikon na jihar Kalifoniya kuɗin masu jarin kasada ne. Sana'arsu ke nan: su zuba a kamfanoni masu yawa, sun san da dama za su mutu, suna jiran guda ɗaya ya mayar da duka har da riba. Thiel da kansa ya yi babi guda a kan wannan lissafi, kuma ya san abin da yake faɗa, shi ne mutumin waje na farko da ya sa kuɗi a Facebook, dala 500,000 a 2004. Saboda haka in suka ce kada ka ji tsoron faɗuwa, gaskiya suka faɗa a kan kuɗinsu. Wanda ya faɗi a can zai yi sallama da masu jari, ya huta, ya sake sabon lale. Mu kuwa jarinmu filin Inna ne, ko zinariyar mata, ko kwasar adashe, ko guzurin Makka na wani tsoho. Mai jarinka za ka tarar da shi a wurin suna, da wurin jana'iza, da sahun gaba a masallacin Juma'a, har ƙarshen rayuwa. Ban ce kada a karanta Thiel ba. Akwai shawara guda a ciki wadda ta isa kuɗin littafin, wato ka fara da ƴar ƙaramar kasuwa wadda za ka iya cikawa, kamar yadda PayPal ta fara da manyan masu sayar da kaya a eBay. Amma a karanta shi daga baya, kuma ana tune da aljihun da yake magana daga ciki.

Akwai littafi guda da na so a ce kowane mai neman jari ya karanta kafin ya buɗe baki gaban mai kuɗi, shi ne Bad Blood na ɗan jarida John Carreyrou, na 2018, shi ma an fassara shi da Faransanci. Labarin Elizabeth Holmes ne, wadda ta bar jami'ar Stanford tana da shekara 19 don kamfaninta Theranos, tana cewa na'urarta za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga yatsa. Ta tara jari fiye da dala miliyan 700, a 2014 an yi wa kamfanin kimar dala biliyan 9. Na'urar ba ta yin abin da aka ce. Carreyrou ya fara fallasa zancen a jaridar Wall Street Journal a watan Oktoba na 2015, kamfanin ya rushe a 2018, a 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu jari, aka yanke mata ɗaurin shekara 11 da wata 3. Ita ma, a lura, Steve Jobs take kwaikwayo, har baƙar rigarsa.

Ina karanta littafin ina ta jinjina kai ina Allah wadai, sai na tuna da wani dare. Kawu ya kira ni ya ce, "Yaya kasuwa?" Na ce, "Alhamdu lillahi, rumfuna 300 muke da su yanzu." Ban yi ƙarya ba a lafazi, an sa wa mutum 300. Amma na san 11 ne ke buɗewa, kuma na san abin da zai fahimta. Ya yi murna, ya sa mini albarka, har ya ba da labari a majalisarsu. Tsakanina da matar nan akwai nisa ƙwarai, ba na musu, amma hanyar guda ce, kuma takun farko da sauƙi yake. Ries ma yana da suna ga irin wannan adadi, wanda ke faranta rai amma ba ya gaya maka komai game da lafiyar kamfani.

Na Ben Horowitz kuwa, The Hard Thing About Hard Things, na 2014, na ce wa yaron ya ajiye shi sai ranar da ya ɗauki ma'aikaci na farko. Horowitz ya kafa kamfanin Loudcloud a 1999 tare da Marc Andreessen, kasuwar intanet ta faɗi a 2000, ya yi shekaru yana fama, kuɗi na neman ƙarewa, ya sallami ma'aikata ba sau ɗaya ba, ya sayar da babban ɓangaren aikin a 2002, ya ci gaba da sauran da sunan Opsware, har Hewlett-Packard ta saye shi a 2007 a kan dala biliyan 1.6. Rabin littafin bai shafe mu ba, zancen manyan daraktoci ne da hannun jari. Amma babin sallamar ma'aikata ya kama ni. Ya ce in ta tabbata za a yi, a yi ba jinkiri, shugaba ya fito da kansa ya faɗi gaskiya cewa kamfani ne ya gaza, kuma wanda ya jagoranci mutum shi zai gaya masa ido da ido. Ni kuwa yarana biyu wata uku na riƙe su ba albashi ina cewa gobe, jibi, har na kai ina kashe salula in na ga lambarsu. Na biya su daga baya. Ɗaya ya yafe, ɗayan har yau gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana".

To, duk waɗannan na Amurka ne. Akwai waɗanda suka fi kusa da mu. Clayton Christensen, malami a jami'ar Harvard wanda ya rasu a 2020, ya shahara da The Innovator's Dilemma na 1997, amma wanda ya fi mana amfani shi ne The Prosperity Paradox na 2019, wanda ya rubuta tare da Efosa Ojomo, ɗan Najeriya, da Karen Dillon. Maganarsu ita ce babbar kasuwa tana wurin mutanen da ba sa sayen abu sam, saboda tsada ko nisa ko wahala, ba wurin waɗanda ake tsere a kansu ba. Misalinsu kuwa duk mun san shi a aljihunmu: Mo Ibrahim, ɗan asalin Sudan, wanda ya fara a 1998 kamfanin da ya zama Celtel, lokacin da masana ke cewa talakan Afirka ba zai iya riƙe salula ba. Ya kafa turakun sadarwa, ya samar musu da wutarsu, ya sayar da kati na ƴan kuɗi kaɗan a biya kafin a kira. A 2005 aka sayi kamfanin a kan dala biliyan 3.4. Masu shekaru irin nawa sun tuna shigowar Celtel ƙasar nan, kafin ta koma Zain, sa'an nan Airtel. Littafin yana da son gyara labari ya dace da ka'idarsa, wannan ra'ayina ne, amma tambayar da yake sa ka yi tana da kyau: wane ne ke shan wahala a kan wannan abu, har ya haƙura da shi?

Wata malama ma, Jenny Aker, ta yi bincike a kasuwannin hatsi na Nijar, ya fito a 2010, ta nuna cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba manhaja, ba komai, kira kawai. Kawuna yana cikin irin mutanen da aka auna. Shi da na ɗauka bai san fasaha ba, ya riga ni cin moriyarta da shekara goma, saboda ta biya masa bukatar da yake da ita, wato ya san kuɗin gero a wata kasuwa kafin ya ɗora buhu a mota.

Mai son taɓa kuɗin talaka, ko ajiya ko bashi ko aike, ya nemi Portfolios of the Poor na 2009. Marubutansa huɗu sun bi gidaje wajen 250 a Bangaladash da Indiya da Afirka ta Kudu, duk mako biyu suna rubuta kowane kuɗin da ya shiga ko ya fita, har shekara guda. Sun tarar talaka ba ya rasa dabara, yana juya ajiya da rance da adashe iri-iri a lokaci guda, har yakan biya wani lada don ya riƙe masa kuɗinsa. Wanda ya taɓa ganin mai adashen kasuwa tana zagayawa da yamma ba zai yi mamaki ba, amma ganin abin a lissafe yana gyara tunani.

Wanda ya fi ba ni kunya kuwa shi ne Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, wanda ya fito a 1986. Bafaranshe ne ya zo garinmu ya zauna ya rubuta yadda manyan ƴan kasuwarmu suka taso, daga cinikin gyaɗa zuwa fataucin kaya ta kan iyakar Najeriya, da yadda ubangida ke ba baransa kaya da jari a kan amana, ya gwada shi da kaɗan kafin ya ba shi da yawa, har wata rana baran ya tsaya da ƙafarsa. Ya yi bayanin abin da muke kira arzikin mutane, cewa ƙarfin ɗan kasuwa yana ga yawan waɗanda zai iya aika su kuma ya amince da su. Ina karantawa ina ganin Kawu a kowane shafi. Ashe akwai tsarin jari da na bashi da na gwaji a ƙofar gidanmu, mai ka'idojinsa, ni kuma na zo da manhaja zan gyara shi ban taɓa zama na koye shi ba. Wanda ke jin Ingilishi ya haɗa da na Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya tsayu a kan lamuni da amanar masu gida.

Abin da ba littafin Amurka da zai koya maka shi ne dokar kamfani da ta lissafin kuɗi ta ƙasarmu, wadda ke ƙarƙashin yarjejeniyar OHADA ta 1993. Wannan sai ka sami mai lissafi ka biya shi, ka zauna ya nuna maka bambancin riba da kuɗin da ke cikin akwati. Na ce wa yaron in shi da abokansa biyu ba su rubuta kason kowa a takarda ba tun yanzu da ake dariya, to kada ya sake kawo mini zancen.

Ni dai a yau ina da ɗan ƙaramin aiki, ina yi wa makarantu masu zaman kansu manhajar karɓar kuɗin makaranta da ba da rasit. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, wani darakta ne ya yi mini kukan rikicin da yake sha da iyaye a kan wa ya biya wa bai biya ba, kuma ya ba ni rabin kuɗin aiki kafin in taɓa kwamfuta. Da shi na biya Kawu, kaɗan-kaɗan, na gama a 2022. Bai taɓa tambaya ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi mini tambaya ciwo.

Littafin Steve Jobs kuwa, da yaron ya hango shi a kan kanta ya miƙa hannu, na ce a'a, wannan ba yanzu ba. Ba don littafin yana da aibu ba. Na sake karanta shi bayan faɗuwata, sai na ci karo da wani wuri da na tsallake da gudu a karon farko. A 1976, kafin Jobs da Steve Wozniak su haɗa kwamfutocinsu na sayarwa, wani mai kanti, Paul Terrell, ya riga ya ce a kawo masa guda 50 a kan dala 500 kowace. Da wannan oda a hannu Jobs ya je ya karɓo kayan haɗi bashi na kwana 30. Wato shi ma mai hangen nesan da ciniki a hannu ya fara. Yana nan rubuce tun dare na biyu, idona ne ya ƙi gani, saboda ba shi na je nema ba.

Muka yi yarjejeniya da yaron. Ya tafi da littattafai biyu da sabon kaye. Ba zai sami na uku ba, kuma ba za a kira dillalin fili ba, sai ya cika kayen da hirar mutum 30 a tasha, direbobi da ƴan kamasho da fasinjoji, ba tare da ya ambaci manhaja ba. Ya tafi ransa a ɗan ɓace, mahaifiyarsa ma ta aiko mini da cewa ina karya wa yaro gwiwa.

Shekaranjiya ya kira ni, ya kai mutum 19. Ya ce ƴan kamasho ba su ko son jin zancen kama wuri daga gida, domin a nan abincinsu yake, fasinjoji kuwa ba wanda ya taɓa biyan ko dala don kauce wa jira. Amma mutum 7 sun kawo masa wani kuka da bai tambaya ba, na saƙon kaya da ake ba direba, mai aikowa bai san ya isa ba, mai karɓa bai san wace mota ba ce. Ya ce, "Kawu, ko wannan za mu yi?" Na ce ban sani ba, saura 11.